Ɗan kasuwar da ya daina fita: nazarin ciwon damuwa a wani gida na Maraɗi, Nijar

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne a birnin Maraɗi, shekarunsa sun ɗan haura talatin, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, don haka Auta ake ce masa a gida, ni ma haka zan kira shi. Da yardarsa da ta iyalinsa na rubuta wannan, bisa sharaɗin a sakaya suna da unguwa. Ya yi watanni yana fama da ciwon damuwa mai tsanani, har ya kai bakin abin da ba a son faɗa, sannan ya dawo. Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi ne, mutanen da suka ciro shi su ne dai waɗanda suka fara ƙara masa nauyi. Dangin nan ne, abokan nan ne. Da farko baki suka sa masa, daga baya suka sa hannu, kuma tsakanin biyun nan akwai tazara mai nisa.

Sana'arsa irin wadda ta gina garin nan ce. Tun zamanin cinikin gyaɗa arzikin Alhazan Maraɗi a kan hanyar Katsina da Kano ya tashi, kuma har gobe a kan amana yake tafiya: ubangida ya ba baransa kuɗi ko kaya, ba takarda ba shaida, sai sunan uban yaro da mutuncin gidansu. Auta ya taso a hannun wani Alhaji tun yana saurayi. Da kaka yakan bi kasuwannin ƙauye yana auna aya da wake da riɗi tiya-tiya, ya tara a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, in farashi ya motsa ya yi lodi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa kasuwar Dawanau a Kano. In zai dawo ya sayo taliya da sabulu da kayan roba. Yana da ɗan jarinsa, amma mafi yawan abin da yake juyawa na Alhaji ne.

A 2023 aka yi masa duka biyu a jere. Cikin watan Yuni gwamnatin Najeriya ta saki naira, sai ta yi ta zubewa a gaban sefa. Auta ya riga ya ba dillalai kaya bashi a Dawanau, a lissafin naira, alhali da sefa ya karɓi kuɗin Alhaji, da sefa kuma zai mayar. Kowane mako abin da yake bi yana ƙanƙancewa, abin da ake bin sa yana nan daram. Yana cikin wannan lissafi sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli. Kwana huɗu bayan haka CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Maraɗawa ba baƙin rufe iyaka ba ne, sun ga ta Buhari daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun kuma san hanyoyin daji. Amma hanyar daji tana cinye riba, ga 'yan bindiga tsakanin Jibiya da Madarumfa. Motar da ke ɗauke da kayansa ta yi makonni a can gefe, ruwan damina ya shiga katan-katan ɗin, abin da ya iso ba ya saiduwa.

'Yan kasuwa da yawa sun yi hasara a wannan shekara, wasu ta fi tasa nesa. Sun yi baƙin ciki, sun rame, sun tashi sun ci gaba da buga-buga. Na Auta bai tashi ba.

Maiɗakinsa ce ta fara gani, tun cikin hunturu. Yakan farka tsakar dare, tun ba a yi kiran sallar farko ba, ya zauna a bakin gado ya haɗa kai da gwiwa har gari ya waye. Tuwo ya rinƙa dawowa yadda aka kai shi. Wandonsa ya fara zamewa. Ya kashe waya, saboda duk ƙarar da ta yi gabansa faɗuwa yake. Ƙaramar 'yarsa, wadda da ba ta sauka daga wuyansa, za ta hau cinyarsa tana ja masa gemu, shi kuwa idonsa na kan bango. Mutumin da ke lissafin buhu ɗari da ka, aka wayi gari in an tambaye shi me za a dafa sai ya rasa amsa, ko ya yi tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ya shiga ɗaki ya rufe. Ya bar zuwa fada, wato majalisar shan shayi ta abokansa. Ya bar jam'i, ya koma salla a ɗaki. Har wanka sai an yi da gaske. In aka matsa masa da tambaya, amsarsa ɗaya: jikinsa ba ƙarfi, kansa na zafi, ƙirjinsa kamar an aza masa buhun aya.

Duk wanda ya san ciwon nan zai gane shi a wannan jeri. Ma'aikatan lafiya suna duba abu biyu a gaba: ƙuncin rai da ba ya sauka, da mutuwar sha'awar abin da mutum ya saba so, kusan kullum, kusan duk yini, har aƙalla mako biyu. Sai abin da ke biyo su, wato lalacewar barci da ci, gajiya, rashin tara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ke ɗauke da shi, kusan kashi 5 cikin 100 na manya, kuma a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu fiye da kashi 75 cikin 100 ba sa samun magani ko kaɗan. Ɗaya daga dalilan shi ne abin da ya faru da Auta: mai ciwon jikinsa yake kai ƙara, don ciwon jiki ba abin kunya ba ne. Sai aka yi ta yi masa maganin masassara. Aka yi masa ƙarin ruwa a wani ɗan asibitin kuɗi. Aka sayo ƙwayoyin ƙarin jini wajen masu talla. Wani abokinsa, da kyakkyawar niyya, ya rinƙa kawo masa tramol wai don jiki ya warware. Yakan ɗan ji dama na sa'o'i, in ta sake shi ya faɗa ramin da ya fi na jiya.

Da maganin jiki ya ƙi, sai aka koma nasiha, kuma nan ne zuciyata ta fi sosuwa. Baffansa ya zo ya zaunar da shi ya ce, "Kai fa namiji ne. Ina tawakkalinka? Dubi wane, shago biyu ya rasa, ga shi can yana hidimarsa." Surukinsa ya aiko a gaya masa haƙuri maganin zaman duniya. Babu ƙarya a maganganun nan, kuma babu mai faɗar su da mugunta. Amma mutum ne wanda ciwonsa ke raɗa masa dare da rana cewa shi ba kowa ba ne, ya ci amanar ubangidansa, ya kunyata gidansu. Kowace nasiha sai ta shiga kunnensa a matsayin shaida: ga shi har manya sun tabbatar. Da, bashin Alhaji kawai yake gani a kansa. Yanzu ya ƙara da zargin kansa da raunin imani.

Bayan nasiha sai zargi. Wata gwaggo ta ce wannan ba banza ba, hannu ne. Aka fara duban abokin cinikinsa, daga nan ido ya juyo kan matar gida, wadda ita ce ke kwana ba barci tare da shi. Inna, mahaifiyar Auta, ta sayar da tumakinta biyu ta kai wa wani mai magani a bayan gari, aka zo da hayaƙi da ruwan wanka da layu. Ni ban raina addu'a ba, Allah ya kiyaye, kuma za a ga rawar da ta taka a gaba. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi tumakin tsohuwa a kuma bar mata gaba tsakaninta da surukarta. A ƙarshe gida ya yanke shawarar da gidaje da yawa ke yankewa: a rufa asiri. Akwai 'yan mata a dangi da ba a aurar ba, kada a ce gidan da taɓin hankali. Duk wanda ya yi sallama sai a ce masa Auta ya yi tafiya. Da haka aka toshe ƙofar da iska za ta shigo masa.

Kowa ya sa rai in an buɗe iyaka zai tashi. CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Maris aka buɗe hanya, motoci suka fara wucewa ta Ɗan Isa ana cikin azumi. Auta ko gezau. Wannan ne ya kamata ya farkar da mutane, domin ciwon damuwa in ya kafu ba ya jiran abin da ya tayar da shi. Sai ma abin ya ƙaru, ganin tsaransa sun koma lodi, ga Salla ta ƙarato bai ɗinka wa yara ko hula ba.

A goman ƙarshe amininsa ya zo, ɗan kabu-kabu, wanda suka yi makarantar allo tare. An sha ce masa Auta ba ya nan. Ran nan bayan tarawihi ya jingine babur a zaure ya ce da yaron da ya fito, "Je ka ce wa Inna ga takalmansa nan na gani, kuma ba inda za ni." Aka bar shi ya shiga. Ya tarar da shi a duhu, ya zauna a ƙasa kusa da shi, bai kunna fitila ba.

"Aboki, mi ke cin ka haka?"

"Ba komi."

Suka yi shiru mai tsawo. Can Auta ya ce, "Da ba ni, da Inna ta huta. Da Alhaji ya yahe. Ɗiyan nan ma wani ya riƙe su ya hi ni."

Aminin ya ce, "Tsaya. Don girman Allah zan tambaye ka, ka ba ni gaskiya. Kana tunanin kashe kanka?"

Ya ɗaga kai, alamar e.

Mutane da yawa suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za su cusa wa mutum abin da babu a ransa. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta cusa komai, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, don mutum ya samu wanda zai sauke wa abin da ya fi ƙarfinsa. Fiye da mutum 700,000 ke rasa ransu ta wannan hanya kowace shekara a duniya, kuma da yawa an ji irin maganar da Auta ya yi a bakinsu aka ɗauke ta zancen gajiya. Aminin nan bai yi lakwal mai zurfi ba, amma ya yi abin da littafin koyar da ma'aikatan lafiya zai ce a yi. Bai yi masa wa'azi ba, don Auta ya fi shi sanin hukuncin. Bai yi masa alkawarin ɓoyewa ba. Ya ce, "To, yau nan zan kwana." Da Auta ya ɗan runtsa, ya fita ya kira matar gida, suka kwashe duk wani abu mai haɗari, har da maganin ƙwarin da ake sa wa wake, ya kai gidansa ya kulle. Ana idar da sallar asuba ya hau babur sai gidan babbar yayar Auta.

Yaya ce ta juya gidan. Mace ce mai sayar da atamfa, mai magana ɗaya. Ta zo ta shiga ɗakin Inna ta rufe ƙofa, ta tuna mata da abin da ba a taɓa zancensa ba.

"Inna, kin tuna bayan haihuwata ta biyu, da na yi wata da watanni ina kuka, ba na son ko ɗaukar jinjirin? Kuka ce mayu ne. Wallahi ba wanda ya kama ni. Abin da ke cikin Auta shi ne ya kasance cikina, kunya ta hana ni hwaɗi. Ni Allah ya hid da ni. Shi kuwa in muka tsaya ɓoyo, gawa tai za mu ɓoye."

Ba ita kaɗai ba ce. Fiye da mace ɗaya cikin goma na shiga wannan hali lokacin ciki ko bayan haihuwa, kuma ciwon ya fi yawa ga mata a kan maza. Inna ta yi kuka, amma ba ta yarda da asibiti nan take ba. A tunaninta, kai ɗa wajen masu duba ƙwaƙwalwa daidai yake da ɗaure shi a mari, ko a tura shi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda sunansa kawai ya isa ya tsorata uwa. Sai Yaya ta roƙi limamin unguwa ya shigo. Dattijon ya zauna da Inna da Baffa, ya karanta musu hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ya tuna musu Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu, ya tambaye su ko akwai mai iya cewa Annabin Allah ba shi da tawakkali. Ya ce shi zai riƙe addu'a, su su riƙe likita. Baffa bai ce komai ba, amma bai hana ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar 'yan ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai. A jihohi, ma'aikatan jinya da suka ƙware a fannin ke ɗauke da aikin, kuma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don a koya wa ma'aikatan lafiya na gama-gari gane irin wannan ciwo da kula da shi. Irin wannan ma'aikaci suka samu a asibiti cikin gari. Ya ga Auta shi kaɗai, sannan ya ga Yaya da matarsa. Ya duba jininsa, ya tambayi abin da yake sha, ya ce tramol a daina. Ya tambaya ko Auta ya taɓa yin kwanaki ba barci yana zumuɗi da surutu da ɓarnar kuɗi, don in akwai wannan to wani ciwon ne daban, maganinsa ma daban. Babu. Ya rubuta masa fuluwoksetin, ɗaya daga magungunan da hukumar ta sa cikin jerin na dole, ƙwaya ɗaya da safe. Ya gargaɗe su kada su sa ran ganin canji kafin mako biyu zuwa shida, ya ce kwanakin farko za a iya samun tashin zuciya da ciwon kai, ya ce maganin ya zauna a hannun Yaya, kuma kada a bar Auta shi kaɗai. Ba a kwantar da shi ba. Da la'asar yana gida.

Daga nan aka raba kaya, kuma a ganina wannan rabo shi ne zuciyar lamarin.

Fadarsu wajen mutum goma ce, a gindin wata bedi a bakin titi, inda suke shan shayi da buga kati bayan isha'i tun suna samari. Aminin ya gaya wa shugaban fada gaskiya, shi kuma ya tara sauran ya kafa doka uku: ba mai yi masa zancen bashi, ba mai ce masa yi haƙuri, ba mai kawo masa ƙwaya. Tun da ya ƙi zuwa fada, sai suka ɗauko benci da tabarma da murhu da butoci suka dasa a ƙofar gidansa. Daren farko bai fito ba. Suka sha shayinsu, suka yi gardamar ƙwallo, suka aika masa da kofi ɗaya ta hannun ɗansa. Haka dare na biyu. Wajen kwana na biyar ya leƙo ya tsaya a bakin zaure, ba wanda ya yi shewa, ba wanda ya ce barka da fitowa, wani ya matsa kawai ya bar masa gefen tabarma. Bayan 'yan kwanaki shugaban fada ya miƙa masa mafici ya ce, "Auta, gawayin nan ya ƙi kamawa, taimaka." Daga fifita wuta ya koma wanke kofuna, daga nan ya karɓi buta, don dama shi ne gwanin kumfa a cikinsu. Na ga daren da ya ɗaga buta sama yana tsiyayo shayi cikin ɗan kofi, hannunsa na ɗan rawa, ya mayar ya sake tsiyayowa har kumfa ta tashi, wani ya kurɓa ya ce sikari ya yi yawa, Auta ya ce masa bakinsa ne ya lalace. Wannan ce magana ta farko mai kama da raha da aka ji daga gare shi tun hunturu.

Masu ilimin abin suna da hanyar magani da ta ginu a kan haka: mai ciwon damuwa yana jiran ya ji daɗi kafin ya motsa, alhali motsin ne ke jawo jin daɗin, don haka a fara da ƙaramin aiki mai lokaci, a riƙa ƙarawa. 'Yan fada ba su san sunan hanyar ba. Sun dai san abokinsu, sun san ba ya son a tausaya masa a gaban mutane, amma ba ya iya ƙin a roƙe shi taimako. Aminin kuma kullum da asuba yana ƙofar gida da babur, su tafi masallaci, in an fito su zaga ta bakin Gulbi su dawo kafin rana ta yi zafi.

Zancen bashi kuwa kawun Auta ne ya ɗauki nauyinsa. Wannan bangare ana yawan mantawa da shi, a yi ta lallashin mutum alhali abin da ke hana shi barci yana nan. Kawu ya nemi rakiyar liman suka tafi gidan Alhaji. Ashe Alhaji ya fi jin zafin ɓuyan da Auta ya yi masa da kashe waya a kan kuɗin kansu, don ya ɗauka raini ne. Da ya ji halin da ake ciki ya yi salati. Liman ya karanto aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Alhaji ya yafe wani kaso, sauran aka raba shi kaka-kaka, Kawu ya tsaya a matsayin lamuni. Ya kuma ce in Auta ya ji ƙarfi ya zo mangaza ya riƙa kula da awo, a biya shi. Ranar da Kawu ya kawo wannan labari, matarsa ta ce, ita ce ranar farko da ya yi barci har aka tashe shi salla.

Ita matar fa? Ita ce ta fi kowa ɗaukar nauyi, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Wata da watanni da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe gidan, ta sayar da rabin kayan ɗakinta, ta sha tsawa daga miji da harara daga dangin miji, iyayenta na aiko mata ta dawo gida. Ma'aikacin jinyar ne ya dubi Yaya ya ce, wannan baiwar Allah in ba a tallafe ta ba, nan gaba ita za ku kawo mini. Sai 'yan fada suka riƙa haɗa jikka biyu daga asusunsu suna bayarwa na cefane duk ranar Juma'a. Matan adashinta suka matso mata da kwasarta gaba. Yaya ta riƙa ɗaukar yara kwana biyu a mako. Inna da kanta ta taka har ɗakinta ta ce, "Ɗiyata, mun zalunce ki, ki yahe muna." Gwaggon da ta fara zancen hannu ba ta zo ba har yau.

Zuwa Babbar Salla, a watan Yuni, Auta ya koma cin abinci, ya kunna waya, yana zuwa mangaza. Sai ya yi abin da masu ciwon nan da yawa ke yi: ya ce ya warke, ya daina shan magani. Akwai kuma dalilin da bai gaya wa kowa ba sai amininsa, wato maganin ya rage masa sha'awar iyali, abin da kan faru da wasu masu shan irinsa, kuma namiji ba ya son kai wannan ƙara. Cikin 'yan makonni farkawar tsakar dare ta dawo. Wannan karon matarsa ba ta jira kowa ba, ta kira aminin, suka mayar da shi asibiti. Ma'aikacin ya yi masa bayani ba tare da faɗa ba, cewa ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sau da yawa har wata tara zuwa shekara, kuma da shawarar likita ake sauka, ba rana ɗaya ba. Zancen sha'awa ma ya ce a faɗa masa, akwai yadda ake yi, kuma yana wucewa.

A ƙarshen Agustan 2024 aka yi ruwan da ya rushe gidaje ya ci rayuka a Maraɗi. Katangar gidan Inna ta faɗi, ɗaki ɗaya ya zube. Dangi suka tsorata kada abin ya mayar da shi baya, har wasu suka ce a ɓoye masa. Yaya ta ce an gama ɓoyo a gidan nan. Shi ya kwaso Inna ya kawo ta gidansa, shi ya tara 'yan fada suka kwashe ƙasa. Ya yi kwana biyu ba barcin kirki, na uku ya yi.

Ba na son a karanta wannan a ce ai dangi sun isa. Dangi su kaɗai sun yi wata da watanni suna lalube, magani shi kaɗai kuma ba zai je gidan Alhaji ba, ba zai dasa benci a ƙofar gida ba. Kuma Auta mai sa'a ne. Yana da yaya mai baki, da amini mai naci, da ubangida mai tsoron Allah. Ina tunanin bazawarar da ke aikatau a gidan wasu, da mutanen da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato suka zauna a yankin Gidan Rumji tun 2019, waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba kuma danginsu sun warwatse. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata sauraro da taimaka wa mutum warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya, suna zama a benci a harabar asibitocin Harare, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mu bencin muna da shi a kowane lungu. Da za a koya wa shugabannin fada da ungozomomi da limamai alamomin ciwon nan, da tambayar da aminin nan ya yi, da inda ake kai mutum, da ba sai an dogara ga sa'a ba.

A cikin 2025 ma'aikacin jinyar ya sauke shi daga magani, ya ce ya riƙa leƙowa. Fada ta koma gindin bedinta, shi ke dafa shayi. Bai koma Dawanau da kansa ba tukuna, yana awo a mangaza yana kuma ɗan saye a kasuwannin kusa da jarin da Yaya ta ranta masa. Baffa har yanzu yana cewa asiri ne ya karye, kuma akwai maƙwabtan da in ya wuce sai sun yi ƙus-ƙus. Shi da matarsa sun yi yarjejeniya a gaban Yaya: duk ranar da ya kwana uku a jere yana farkawa tsakar dare, ko ya fara kashe waya, za ta kira amininsa su tafi likita, ba sai ta nemi izininsa ba. Na bashin Alhaji saura kashi ɗaya cikin uku, za a biya bayan kakar aya mai zuwa.